Littattafai bakwai da na kai wa abokina a Sabon Tasha

A damunar bara wani abokina ya faɗi da babur a kan titin Kachia, ƙafarsa ta dama ta karye. Aka yi masa ɗori a asibiti, aka ce sai ya yi wata biyu bai taka ta ba.

Da na je duba shi a gidansa da ke Sabon Tasha, na tarar da shi kwance a doguwar kujera, ƙafa a kan matashi, waya a hannu. Ya ce ya gaji. Ya kalli bidiyo har idonsa ya soma ruwa, data tana cinye kuɗin magani, ga wuta ba ta zama balle a yi caji.

"Malam, kai da ba ka rabo da takarda, kawo mini abin karantawa mana," in ji shi. "Amma ban da wa'azi."

Malam yake ce mini don tsokana, ni kuma in ce masa Ticha, saboda lissafi yake koyarwa a wata sakandare. Na ce to, zan kawo masa littattafan Hausa. Sai ya yi dariya ya ce, "Littattafan Hausa ai naku ne. Mu namu biyu ne kacal, Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙin coci."

Wasa ya yi, amma maganar ta bi ni har gida. Mutumin nan ɗan ƙabilar Bajju ne, amma da Hausa ya tashi, da ita yake ciniki, da ita yake addu'a ranar Lahadi, da ita yake yi wa 'ya'yansa faɗa. Duk da haka yana ganin abin da aka rubuta da ita ba nasa ba ne. A daren na sauke kwalin littattafaina na soma zaɓe.

Gida ɗaya muka tashi

A gidan haya ɗaya muka tashi da Ticha a Makera. Mahaifina da mahaifinsa duk ma'aikatan masaƙa ne a Kakuri, jiniya ɗaya ke tashinsu da asuba.

Masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka fi sani da KTL, ta fara aiki a 1957. Daga baya irin su UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. Waɗannan masaƙu ne suka tara dubun-dubatar mutane a kudancin Kogin Kaduna: Hausawa, Bajju, Atyap, Gbagyi, Tibi, Idoma, Igala, Yarbawa, Ibo. Hausa ce ta haɗa su a bakin inji, a kasuwa, da wurin ɗiban ruwa.

Sai rikicin shari'a ya ɓarke a watan Fabrairun 2000, ya sake tashi a watan Mayu. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum 2,000 ne suka mutu. A Nuwamban 2002 aka yi rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya, wanda ƙungiyar ta ce ya ci rayuka kusan 250. A Afrilun 2011 kuma aka yi na bayan zaɓe.

Kowane rikici ya zo sai ya ƙara tankaɗe garin. Musulmi da dama suka tsallaka arewacin kogi, Kiristoci suka gangaro kudu. A cikin kudun ma an rabu. Mu muka zauna a Makera, su Ticha suka ƙara gaba zuwa Sabon Tasha. Muna aji biyar na firamare a lokacin. Tsakanin gidajenmu tafiyar keke-napep ce, amma sai da muka yi shekara goma sha ɗaya ba mu ga juna ba.

Saboda haka ba jerin "littattafan da suka fi kowanne" na zaɓa ba. Na zaɓi waɗanda nake son mu yi hira a kansu, hirar da muka daɗe muna kauce mata. Ɗaya-ɗaya na riƙa kai masa, in ya gama in karɓa in ba shi wani.

1. Jiki Magayi

Da gangan na fara da wannan. Na miƙa masa na ce ya karanta sunan da ke bango. Ya duba, ya sake dubawa: John Tafida da Rupert East.

"John?" in ji shi.

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, ta nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Su ne tushen ƙagaggen labarin Hausa na zamani. Ɗaya daga cikin masu aza wannan tushe, John Tafida, Kirista ne ɗan Wusasa, garin mishan da ke gefen Zariya, inda Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Labarin gajere ne, ana iya gama shi a zama ɗaya. Wani saurayi mai suna Abubakar yana son Zainabu, sai attajiri Malam Shehu ya sa dukiya ya raba su. Abubakar ya bar gari, ya sha baƙar wahala a daji yana neman asirin da zai lalata ɗan da aka haifa a wannan aure. Asirin ya ci. Yaron, Kyauta, ya zama ɓarawo, ya jawo wa gidansu masifar da ta fi ƙarfin wadda aka yi nufi. Shi kansa Abubakar bai ci ribar komai ba.

Bahaushe na cewa rama cuta ga macuci ibada ce. Wannan ɗan littafi tun kusan shekara 90 da suka wuce yake tambaya: in an rama ɗin, wa ya biya? Yaron da bai ji ba bai gani ba.

Da na koma bayan kwana biyu, Ticha bai ce komai a kan John ba. Cewa ya yi, "Kyauta ɗin nan ai mu ne. Faɗan manya, mu aka raba da makaranta."

2. Magana Jari Ce

Bayan mai ɗaci sai mai zaƙi. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911 ya rasu a 1981, ya rubuta Magana Jari Ce a juzu'i uku, suka fito a ƙarshen shekarun 1930. Shi ne kuma editan farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939.

Sarki ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Yaron yana son ya sulale ya bi sahu, ga maƙiya suna jiran ya fito. Babu abin da ya tsare shi sai wani aku, wanda kullum dare zai ɗauko labari ya ja shi da shi har gari ya waye. Na ce wa Ticha shi ne Musa, ni ne akun, aikina in hana shi taka ƙafar nan kafin lokaci.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba duk labaran ne Imam ya ƙaga ba. Ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya na Larabawa, da tatsuniyoyin Jamus, da labaran Indiya, ya sa musu riga da hula, ya zaunar da su a zaure da kasuwa, har ba mai cewa baƙi ne. Wanda ya karanta labarin Kalala da Kalalatu, ko na Sahoro da Sahorama, zai rantse a unguwarsu aka yi.

Wannan darasi ne ga mai cewa littafi na wasu ne. In har Imam zai ɗauko labarin Bajamushe ya zama na Bahaushe, me zai hana ɗan Sabon Tasha ya ɗauki na Imam ya zama nasa?

A nan ne Ticha ya soma tuntuɓe da tsofaffin kalmomi: sulke, lifidi, zagi, fatake, zango. Hausar Kaduna ta titi ba ta da su. Ya riƙa tara su a takarda, in na zo mu bi ɗaya bayan ɗaya. Wasu ni ma sai da na tambayi mahaifiyata. Amma karatun kansa bai ba shi wuya ba. Tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, kuma wanda ya tashi yana karanta shi a coci ya riga ya saba da ɗ da ƙ da ɓ fiye da ɗaliban boko da yawa.

3. Shaihu Umar

Wannan ne na daɗe ina juyawa kafin in sa a jaka.

Abubakar Tafawa Ɓalewa yana matashin malamin makaranta a Bauchi ya rubuta shi, shekaru da dama kafin ya zama Firaministan Nijeriya. An fassara shi zuwa Turanci a 1967, shekara guda bayan kashe marubucin a juyin mulkin Janairun 1966, kuma Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976.

Wani babban malami ne yake ba almajiransa labarin rayuwarsa: yadda aka sace shi yana ƙaramin yaro, yadda ya faɗa hannun wani Balarabe da ya ƙetare Sahara da shi, da yadda mahaifiyarsa ta bar komai ta bi sawunsa, ita ma aka kama ta aka sayar. Sun haɗu a ƙarshe, amma wahala ta riga ta cinye ta.

Littafin yana maganar harin bayi a fili, a matsayin abin da sarakuna da fadawa suke yi a wancan zamani. Ni tun ina sakandare na karanta shi, tausayin uwar kawai na ji. Ticha ya karanta da wani ido daban.

"Malam, ka san ƙauyukan da ake kai wa harin nan, waɗanda littafin bai ma kira sunansu ba?" Ya yi shiru kaɗan. "Kakata ta sha ba mu labarin yadda kakanninta ke gudu kan duwatsu in sun ji ƙarar dawaki."

Ban da amsa. Tarihi ne sananne cewa kafin zuwan Turawa mayaƙan masarautu sun riƙa kai hare-haren kama bayi cikin ƙasashen da yau ake kira Kudancin Kaduna, kuma wannan tabo yana cikin abubuwan da ke ƙasan rashin yardar da ake fama da ita har yanzu. Sai dai ba a cika faɗa ba in an haɗu. Kowa a ɗakinsa yake faɗa wa 'ya'yansa.

Mun yi fiye da awa biyu a kan wannan magana, ba wanda ya ɗaga murya. Abin da ya ba shi mamaki, in ji shi, shi ne Musulmi ɗan Arewa, wanda ya zo ya shugabanci ƙasa, shi ne ya zauna ya rubuta zafin bauta haka. Ni kuma abin da na ƙaru da shi shi ne, shekara ashirin ina karanta rabin littafin ne kawai.

4. Alhaki Kuykuyo Ne

Wannan Ticha bai samu ya fara ba, Madam ta riga shi. Ta ɗauka don ta share ƙurar bango, ba ta ajiye ba sai da tuwo ya kusa ƙonewa.

Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara 13. Daga baya ta koma karatun manya, ta zama ɗaya daga cikin fitattun marubutan Kano. Alhaki Kuykuyo Ne ya fito a 1990. A 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi.

Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa, Alhaji Abdu, uwar 'ya'ya tara. Miji ya auro wata mace mai zaman kanta, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta koma sayar da abinci ta riƙe su. Shi kuwa duniya ta juya masa baya, dukiyar ta tafi, amaryar ma ta tafi. Ƙarshen littafin ne ke tayar da gardama, domin dangi da maƙwabta sun taru a kan Rabi ta koma gidan mutumin da ya wulaƙanta ta.

A shekarun 1990 an yi ta caccakar irin waɗannan littattafai, ana ce musu adabin kasuwar Kano, ana cewa soyayya ce kawai mai ɓata 'yan mata. Amma su ne suka koya wa dubban mata karatun Hausa a cikin ɗakunansu, su ne kuma suka fara faɗin abin da ke faruwa a bayan labule.

Madam ta ce, "Baban yara, a ƙungiyar zumuntar matanmu ta coci akwai Rabi sun fi biyar. Bambancin kawai, namu mazan ba sa ɗaura aure na biyu, ajiyewa suke a wata unguwa." Ticha ya ce ƙafarsa na ciwo, a canza magana.

5. Turmin Danya

Sulaiman Ibrahim Katsina ne ya rubuta shi. Ya fito a 1982, cikin littattafan da suka yi nasara a gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya, tare da irin su Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare.

Labarin wani hamshaƙin ɗan fasa-ƙwauri ne a wani gari na kan iyaka, wanda ya saye jami'ai da masu faɗa a ji, ya zama ba a iya taɓa shi. Littafin yana nuna yadda kuɗin haram ke shiga gari ya lalata aure, aiki da shari'a, kowa yana gani yana gaishe da mai shi.

Na zaɓe shi ne saboda iyayenmu. Lokacin da aka buga shi masaƙun Kakuri na aiki dare da rana. Shekara 20 bayan haka, a 2002, KTL ta rufe. UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Cikin dalilan da aka fi ambata akwai rashin wutar lantarki, tsadar man da injuna ke sha, tsufan injunan, da kuma atamfofi masu araha da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya. Ma'aikata da yawa sun mutu suna jiran kuɗin sallama.

Mahaifina ya koma sayar da kayan miya. Mahaifin Ticha ya koma gadi. Babu wanda ya tambaye su addininsu ranar da aka kulle ƙofar masaƙa.

Ticha ya ce da ya gama littafin sai ya ji kamar marubucin ya hango gidanmu tun kafin a haife mu.

6. The Manipulation of Religion in Nigeria

Biyun ƙarshe da Turanci suke, amma a nan gida aka rubuta su, kan abin da ya same mu.

Dakta Yusufu Bala Usman, masanin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya rasu a 2005, ya tattara laccocinsa da rubuce-rubucensa na shekara goma ya buga su a Kaduna a 1987. Ya faro ne daga 1977, lokacin da ake muhawarar shari'a a kan sabon tsarin mulki, ya kawo har shekarar da rikicin Kafanchan ya tashi daga Kwalejin Ilimi ya bazu zuwa Kaduna, Zariya da wasu garuruwa.

Hujjarsa a taƙaice ita ce: akwai wani rukunin masu kuɗi da mulki waɗanda ba sa noma ba sa ƙira, dillancin dukiyar ƙasa kawai suke yi. Ba za su iya fitowa su faɗi ainihin sana'arsu ba, don haka sai su yafa rigar addini ko ta ƙabila, su ce wa talaka ga maƙiyinka can, alhali wanda aka nuna ɗin talaka ne irinsa.

A nan muka saɓa. Ni na daɗe da yarda da wannan bayani ɗari bisa ɗari. Ticha ya ce gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba.

"In ka ce duk ingiza mu ake yi, kamar kana cewa ba mu da ƙorafi na gaske ke nan. Maganar sarauta fa? Maganar filaye fa? Wa ke samun aiki, wa ba ya samu? Mai ingizawa ba ya kunna wuta sai ya tarar da busasshiyar ciyawa."

Ban ce ya yi daidai ba, bai ce na yi daidai ba. Amma littafin da zai sa mutum biyu su yi musu irin wannan su kuma ci abinci a kwano ɗaya, ya biya kuɗinsa.

7. The Pastor and the Imam

Na ƙarshe ƙaramin littafi ne da Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Movel Wuye suka rubuta tare, ya fito a 1999.

Dukansu 'yan Kaduna ne, kuma kowannensu ya jagoranci matasan ɓangarensa. A rikicin Zangon Kataf na 1992, wanda ya fantsamo cikin garin Kaduna, Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, daga nan suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinan biyu da ke aiki har yau. Suna cikin waɗanda suka tsara yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna da shugabannin addini suka sa wa hannu a watan Agustan 2002.

Ba littafin gwanintar harshe ba ne. Darajarsa ita ce gaskiyar da ke ciki da kuma rayuwar masu shi. Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ko bayan sun fara aiki tare ya daɗe yana ƙullace da Ashafa a zuciya. Yarjejeniyar 2002 ma ba ta hana rikicin Nuwamban shekarar ba. Sulhu ba biki ba ne da ake yi rana ɗaya a watse.

Na ajiye shi a ƙarshe ne don ya zama amsa ga na farko. Jiki Magayi ya nuna mutumin da ya bi ramuwa har ta hallaka shi. Wannan ya nuna mutum biyu da suke da dalilin ramuwa fiye da Abubakar, suka ajiye.

"Ka ce ban da wa'azi, ga shi ka kawo mini liman da fasto a bango ɗaya," in ji Ticha. Amma ya karanta.

Shi ma ya ba ni nasa

Ranar da na je karɓar na bakwai, na tarar ya sa ɗansa ya sauko da wani tsohon littafi daga saman kabad. Religion, Politics and Power in Northern Nigeria ne, na Matthew Hassan Kukah, ɗan ƙasar Zangon Kataf, wanda ya zama Bishop na Katolika a Sakkwato a 2011. An buga shi a 1993, daga binciken digirin digirgir da ya yi a Landan.

"Ka ba ni bakwai na karanta. Ga ɗaya. In ka isa ka gama."

Gaskiya na sha jin sunan littafin, na sha jin ana sukar marubucin, amma ban taɓa buɗe shi ba. Ashe ni ma ina da nawa "ai nasu ne". Littafin ya bi yadda addini da mulki suka cuɗanya a Arewa tun zamanin Sardauna, da rawar da jaridar New Nigerian da Rediyon Kaduna suka taka, da cece-kucen shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi a 1986. Akwai wuraren da ban yarda da shi ba, na ja musu layi da fensir. Akwai kuma wuraren da na fahimci, karon farko, abin da maƙwabcina ke ji in ya saurari labarun da ni nake ji a matsayin labarai kawai.

Mun yi alƙawarin na gaba tare za mu karanta: Born on a Tuesday na Elnathan John, haifaffen Kaduna, labarin wani almajiri mai suna Ɗantala, da Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016. Dukansu a 2015 suka fito.

In za ka ba aboki littafi

Abin da na koya a wata biyun nan ba shi da yawa, amma ga shi.

Ka fara da mutumin, ba da jerin sunaye ba. Littafin da ya burge ka ba lalle ya burge shi ba. Ka tuna abin da ke damunsa, da abin da ke ba shi dariya.

Ka ba shi ɗaya. In ka jibge masa goma, ko ɗaya ba zai buɗe ba. Ka fara da gajere.

Ka koma ka ji ra'ayinsa, kuma ka shirya jin abin da ba ka so. In ya ga abin da ba ka gani ba, riba ce.

Ka karɓi nasa. Wanda ke bayarwa kullum ba ya karɓa, wa'azi yake yi, ba abota ba.

Sai batun samu. A shagunan da na leƙa a Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha, littattafan jarrabawa da na addini ne suka cika kanta. Biyu daga cikin bakwai ɗin sai da na tsallaka gada na shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi kafin na samu, ɗaya kuma aro na yi. Tsofaffin littattafan Hausa kamfanin NNPC na Zariya ne ya buga yawancinsu, kuma masu sayar da littattafan makaranta sukan kawo in an yi musu magana. Mai neman na tarihi da siyasa ya nufi ɗakin karatu na Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna. Bikin baje kolin littattafai na Kaduna, KABAFEST, wanda aka fara a 2017, shi ma wuri ne na haɗuwa da marubuta da masu bugawa.

Na san yawancin masu karanta wannan a waya suke karantawa, kuma ana tura hotunan littattafai kyauta a WhatsApp. In marubucin yana raye, ko littafin yana kasuwa, a daure a saya. Marubutan Hausa da yawa da kuɗin aljihunsu suke bugawa.

Ticha ya warke, ya koma aji, sai ɗan ɗingishi in an yi sanyi. Ranar wata Asabar ya hau keke-napep ya zo Makera da kansa, karon farko tun 2000. Ya tsaya a ƙofar tsohon gidanmu ya daɗe yana kallo, sannan ya shiga ya durƙusa ya gaishe da mahaifiyata. Ta kira shi da sunan da take kiransa yana yaro, ta tambayi lafiyar Mamansa, ta ce a gaya mata har yanzu tana bin ta bashin turmi.

Da zai tafi ya miƙo mini leda. Na ƙirga, shida ne.

"Ticha, ina Magana Jari Ce?"

"Yana hannun 'yarka," in ji shi. "Kullum dare sai ta karanta wa ƙannenta labari ɗaya. Ta ce in gaya wa Kawu, ba ta gama ba, kuma a kawo juzu'i na biyu."